Mutumin da Yake Gajarta a Kan Sikelina

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da Talatar da na ɗora Malam Jauro a kan sikeli, na buɗe baki zan faɗa masa nauyinsa, sai na ga idona cikin idonsa. Ban ɗaga kai ba, shi ma bai sunkuyo ba. Alhali ranar da aka fara kawo shi, sai da na ɗaga haɓa sama kafin in ga fuskarsa.

Ku sababbin zuwa kun san ni da Mama Rakiya mai masifa. To, ba da wannan farar rigar na shigo asibitin nan ba, da tsintsiya da bokiti na shigo. Sai da na kai shekara talatin da huɗu, bayan rasuwar maigidana, sannan na zauna a benci a ajin yaƙi da jahilci a Orozo, ina koyon rubuta sunana. Daga nan na yi kwas na mataimakan ma'aikatan jinya, aka turo ni sashen wankin ƙoda. Aikina shi ne in auna nauyin mara lafiya kafin ya hau inji da bayan ya sauka, in gyara gado, in rubuta suna a jikin kwalbar jini, in kuma yi tafinta, don yawancin likitocinmu Hausarsu ta kasuwa ce.

Bari in yi wa wanda ba ɗan aiki ba bayani, don labarin ba zai shige shi ba sai da wannan. A bayan maƙogwaron kowa akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowacce ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Suna fitar da wani sinadari da muke kira PTH, wanda aikinsa ya ga kalsiyam bai yi ƙaranci a jini ba. Idan ƙoda ta mutu, wani gishiri da ake kira fosfet yana taruwa a jini, kalsiyam kuma ya yi ƙasa. Sai ƙwayoyin nan huɗu su haukace, su kumbura, su riƙa kwaso kalsiyam daga ƙashin mutum suna zubawa a jini. Inji yana wanke jini, amma ba ya hana wannan satar. Abin da ke hana ta uku ne: rage cin abin da ke da fosfet da yawa irin su nono, tauna wata ƙwaya a tsakiyar cin abinci, da wani magani mai kwantar da ƙwayoyin wuyan. Duk wata uku ana gwada jini. In lamba ta ƙi sauka duk da magani, sai a yi aiki a cire su. In kuma ta sauka da yawa har ta kai ta mai lafiya, likita yakan janye maganin, don wannan ma yana da nasa lahanin ga mai wankin ƙoda. Ku riƙe wannan na ƙarshen.

A lokacin ba mu da injin gwajin PTH a nan. Tsarinmu shi ne, nas ta ɗebi jini kafin a fara wanki, ni in rubuta suna, in sa kwalbar a ɗan fulas mai ƙanƙara, in miƙa wa ɗan'uwan mara lafiya tare da takarda ya kai wani ɗakin gwaji a cikin gari. Bayan kwana biyu ya koma ya karɓo sakamako.

Malam Jauro Bafulatani ne daga wata ruga a bayan Bwari. Dogo, siriri, mai magana a hankali. Shi ke yi wa mutanen rugarsu yanka, na suna da na layya. Kullum ƙanensa Buba ke kawo shi, Talata da Juma'a. Buba shi ke cire masa takalmi, shi ke riƙe masa sanda, ya zauna a bakin ƙofa awa huɗu ba ya ko zuwa shan ruwa. Hamma yake kiransa, wato yaya. Har misali nake yi da shi in ina zagin 'yan'uwan da ke ajiye mara lafiya su tafi yawo.

Matsalar Jauro nono ce. Lambarsa ta yi ta hawa. Wata rana Dakta Ngozi, ƙaramar likitar da ke zama da mu kullum, ta ce in gaya masa in bai kiyaye ba abin zai iya kaiwa ga aiki. Ni kuwa na gaji da maganar nono da shi. Ina tsaye a kansa, da zanen gado a hannuna, na ce, "Malam Jauro, ka ci gaba da shan kindirmonka. Lamba ta sake hawa, wuyanka za a tsaga."

Ya kalle ni. Sannan ya ce, "Inna, na san abin da wuƙa take yi a wuya. Na fi ku sani. Ranar da kuka ce haka, ranar zan koma gida in jira Allah a kan tabarmata."

Na ce, "Sai ka bar nono." Na wuce abina. Buba yana bakin ƙofa.

Gwajin da ya biyo baya ya zo da abin mamaki. Lamba ta faɗo ƙasa warwas, kamar ta mai ƙoda biyu lafiyayyu. Dakta Ngozi ba ta yarda ba, ta sa a sake bayan wata ɗaya. Haka ta sake zuwa. Babban likita da ke zagayo mana sau ɗaya a mako ya duba takardun biyu, ya ce a janye maganin. Ni har kirari na yi wa kaina, na ce tsoratarwata ce ta yi aiki.

Daga nan abubuwa suka fara.

Da farko ƙaiƙayi. Jauro zai kwanta inji yana juya jininsa, ɗakin shiru sai ƙarar famfo, sai ka ji ƙarar farce a kan fata, ƙar, ƙar, ƙar, awa huɗu ba tsayawa. Idonsa ya yi ja. Sannan tafiyarsa ta canza, ya koma jan ƙafa yana rangaji. Wata rana ya yi tari, ni da kaina na ji wani abu ya ce ƙas a ƙirjinsa, kamar an taka busasshen kara. Ya dafe wurin, ya gyara kwanciya kamar ba abin da ya faru. Kun san Fulani da ɓoye ciwo.

Sai fuskarsa. Wannan ce ta fi muni. Ba rama ba ce, ba kumburi ba ne. Ƙashin ne da kansa yake sauya wuri. Muƙamuƙinsa ya faɗaɗa, haƙoransa suka rarrabu, hancin nan dogo ya fara nutsewa. Akwai ɗan hotonsa a bangon fayil. Nakan kalli hoton, in kalli wanda ke kwance, sai in ji kamar wani ne ya sato katin Jauro yake zuwa a madadinsa, kuma duk mako kamannin na ƙara gudu.

Sauran marasa lafiya suka fara ƙus-ƙus. Wata Hajiya, babbar ma'aikaciya ce a wata ma'aikata, mai digiri biyu, ta kira ni ta ce a raba gadonta da nasa. Na ce me ya yi miki? Ta ce, "Mama, ba ki gani ne? Cin sa ake yi." Na ce, "Hajiya, da karatunki da komai?" Ta ce, "Karatun ne ya sa na san wannan ba ciwon asibiti ba ne. Takardarsa ai ta fi ta kowa kyau a ɗakin nan."

Gaskiyarta. Duk wata uku takarda tana zuwa fes. An yi ta neman wata cutar, ba a samu ba. Shi da kansa ya taɓa ce mini, a hankali, idonsa a silin, "Inna, kin san rumbun da gara ta shiga? Daga waje yana tsaye."

Shekara ɗaya cur muna haka, har Talatar da na faɗa muku. Cikin damina ne, gari ya yi duhu da hadari tun safe, fitilun ɗakin a kunne. Da na ga idona cikin nasa, sai na dubi bangon da ke bayansa. Tayil ɗin bangon yana ƙarewa a wani layi, fenti ya ɗora daga nan. A da kansa yana wuce layin. Ranar nan hularsa ma ba ta kai ba.

Na ce, "Malam Jauro, ka lura kana gajarta?"

Ya ce, "Haka nake ji. Amma in na tsaya da sandata, tsayinta a kafaɗata yake ƙarewa, inda yake tun ina saurayi. Sanda ba ta ƙarya."

Na ɗauko fayil. Kun san yadda muke yi: nauyi sau biyu a rana, tsayi kuwa sau ɗaya, ranar farko, daga nan sai a yi ta kwafa. Ni ma na kwafa ba adadi. Na nemo tef na auna shi. Ya ragu da faɗin tafin hannuna har da yatsa biyu.

Na samu Dakta Ngozi a ofis. Ta ce, "Mama, takarda ya ce PTH ɗinsa lafiya."

Na ce, "Likita, ni ban yi karatun da kika yi ba. Amma kin koya mini da bakinki cewa abu ɗaya ke cinye ƙashin masu wanki haka. Ga mutum ana cinye shi a gabanmu. Ko ke kika yi ƙarya, ko takarda."

Metiron, shugabar nas-nas ɗinmu, tana wurin, ta ce, "Rakiya, ki iya bakinki." Na ce na iya shi shekara ɗaya, ga abin da ya haifar. Dakta Ngozi, Allah ya saka mata, ba ta yi fushi ba. Ta je ta auna shi da hannunta, ta ce a ɗebi jini yanzu kafin a jona shi, ko da lokacin gwaji bai yi ba. Aka ɗiba, na rubuta suna, na sa a fulas, na miƙa wa Buba. Ya karɓa da hannu biyu kamar kullum, ya fita cikin yayyafi.

Da azahar na zagaya bayan sashen zan zubar da ruwa, wajen famfon da maza ke alwala. Buba ya dawo, yana tsugune, ya naɗe hannun riga. A lanƙwasar gwiwar hannunsa na dama akwai auduga da filasta, da ɗigon jini sabo.

Na ajiye bokiti. Na jira ya wanke ƙafa, don ba na katse wa mutum alwala. Sannan na ce, "Buba, ba ka da lafiya ne?"

Ya ja hannun riga da sauri. "Lafiya lau, Inna."

"To wa ya ɗebi jininka?"

Ruwan famfo yana zuba, bai rufe ba.

Na ce, "Ina kwalbar da na ba ka da safe?"

Wallahi ban san amsar ba lokacin da na tambaya. Bakina ne ya riga hankalina. Ya kalli hagu, ya kalli dama, ya jawo jakar fatar da kullum take rataye a wuyansa. Ya fito da wani ƙullin tsumma, ya kwance. Kwalabe shida. Ɗaya jininta ja ne, ta yau. Biyar sun yi baƙi ƙirin, sun daskare. A jikin kowacce ga sunan Jauro da rubutuna, rubutun nan nawa mai karkata da kuke yi wa dariya.

Na ce, "Me ka yi?"

Ya ce, "Can ba su san fuskarsa ba. Sai in miƙa takarda in ce ni ne, su ɗiba a hannuna."

"Su kuma waɗannan, me kake yi da su a jaka?"

"Jinin Hamma ne. In zuba a kwata?"

Na ce, "Kai mahaukacin ina ne? Ka san abin da ka aikata?"

Ya ce, "Ke kika ce in lamba ta hau za a tsaga wuyansa. Shi kuma ya ce zai koma gida ya mutu. Na san shi, ba ya magana biyu. Na ce bari takarda ta yi kyau, ku bar wuyansa, ya ci gaba da zuwa wanki. Me na rage muku? Inji dai yana wanke shi."

"Maganin da aka janye fa? Ka san don me aka janye?"

"Likita ta ce ya samu sauƙi."

"Jininka ne ya samu sauƙi, Buba! Kai aka yi ta gwadawa shekara guda. Shi an bar shi da ciwonsa ba mai tare masa."

Na ga maganar tana shigarsa a hankali. Bakinsa ya buɗe. Ya ce shi ya ɗauka sammu ne, ba inda bai kai sadaka ba, ba rubutun da bai karɓo ba. Sai na tuna da maganar safe, na ce, "Sandar fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ina rage ta. Kaɗan-kaɗan, in yana barci. In goga ƙasa a bakin don kada ya ga sabon yanka."

Ya riƙe gefen hijabina, babban mutum mai furfura a gemu, ya ce in rufa masa asiri don Allah, kada Hamma ya ji, kada likita ta ji, daga yau zai kai na gaskiya. Na fizge. Na ce, "Asirin nan shi ke cin ɗan'uwanka. Taso."

Aka sake ɗiban jini, wannan karon ni Metiron ta sa na kai da ƙafata. Ranar Juma'a sakamako ya zo. Ba su ma rubuta lamba ba, sun rubuta cewa ta wuce iyakar abin da injinsu ke iya ƙirgawa. Babban likita ya zo da kansa, ya ja kujera ya zauna a gefen gadon Jauro. Ya ce magani ba zai ƙara riƙe ƙwayoyin ba, sun yi girma, sai aiki. Ni na yi tafinta. Na faɗa wa Jauro komai, har kwalaben, har sandar, don na rantse ba za a sake yi wa mutumin nan ƙarya a ɗakin da nake ba.

Bai kalli Buba ba. Bai kalli kowa ba. Da aka cire shi daga inji ya sa takalminsa da kansa, abin da ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, ya bar sandar a jingine da gado, ya fita yana dafa bango.

Talata na shimfiɗa gadonsa, nas ta haɗa inji. Ƙarfe takwas, tara, goma, Jauro bai zo ba. Injin ya gama shirinsa ya fara kuka, ɗit, ɗit, yana neman hannun da za a jona. A kashe, bayan ɗan lokaci ya sake. Hajiyar nan ta ja mayafi ta rufe fuska. Wayar Buba a kashe. Mai wankin ƙoda in ya tsallake wanki, ruwa da guba ne ke taruwa, kwanakinsa ƙirgaggu ne. Metiron ta ce, "Kin ga gaskiyar taki ko?" Ranar ce kaɗai a aikina aka faɗa mini magana na rasa ta mayarwa.

Ranar Alhamis da hantsi aka shigo da shi a kan keken marasa lafiya, fuska a kumbure, numfashi sama-sama, hannun dama a ɗaure da kara da tsumma. Buba ke tura shi. Aka jona shi nan take. Sai da ya yi awa biyu numfashinsa ya daidaita, ya yafito ni.

Ya ce, "An yi suna a gidanmu jiya. Na ce a kawo ragon, in yi yankan ƙarshe. Na dafa shi, ya motsa ƙafa. Motsi kawai, Inna. Hannuna ya karye. Wanda nake yankawa, kafin ya san me ake ciki an gama. Ni kuwa shekara guda ana yi, ba a gama ba. Kira mai wuƙar taku in gan shi."

Da likitan tiyata ya zo, Jauro bai tambaye shi komai a kan aikin ba. Cewa ya yi ya miƙo hannu. Ya riƙe yatsun da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana jin ko suna rawa. Sannan ya ce, "To."

An yi aikin bayan an shirya jikinsa. Ku sani, cire ƙwayoyin ba shi ne ƙarshe ba. Ƙashin da ya daɗe da yunwa yakan zuƙe kalsiyam ɗin jini gaba ɗaya, sai yatsu su ƙandare, leɓe ya yi ta zugi, har zuciya tana iya tsayawa. Kwanaki aka yi ana ƙara masa ta jijiya, ana gwaji safe da yamma. Ƙaiƙayin ya tafi cikin kwana biyu. Ciwon ƙashi ya lafa. Tsayinsa da fuskarsa kam ba su dawo ba, kuma ba za su dawo ba.

Na je duba shi rana ta uku. Tun ranar Juma'ar nan bai yi wa Buba magana ba, ko a hanya, ko a gida. Buba yana rakuɓe a baranda. Jauro ya shafa bandejin wuyansa, ya ce da wata dasasshiyar murya, "Inna, ɓarawon nan yana waje?" Na ce yana nan. Ya ce, "Ce masa ya zo ya ɗaga ni, bayana ya gaji."

Daga wannan ne aka canza tsari. Ba ɗan'uwan da ke ƙara fita da kwalba, ma'aikaci ke kaiwa. Tsayi kuma duk wata uku ake aunawa, kuma duk wadda na kama tana kwafa, ta san sauran.

Amma ba tsarin nake so ku ɗauka ba, wannan yana manne a bango. A aikin nan za ku ga 'yan'uwa marasa kirki, masu jefar da mara lafiya su gudu. Waɗannan ba sa ba ni tsoro, don kowa yana ganinsu. Ba wanda ya cuci Jauro don ƙiyayya. Ni na tsorata shi don ina so ya warke, likitoci sun janye magani don suna so su kare shi, ƙanensa ya ba da jininsa sau shida don kada ya rasa shi. Mu duka muka taru muka kusa kashe shi. Shi ya sa in kuka ga ina tsare wani ɗan'uwa da tambaya har ya ji haushi, kada ku ce Mama ta fara. Wanda ya fi kowa kuka a bakin gado, shi na fi sa wa ido.